Kada A Ƙona Kwalayen Malam Mai Jan Biro

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Zauren Masu Tafsiri da Nazarin Ruwayoyi ya sami labarin rasuwar ubanmu, malaminmu, Shugaban Kwamitin Tantance Ruwayoyi na wannan zaure, Alhaji Malam Mai Jan Biro, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Litinin da hantsi bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Shekara talatin da ɗaya marigayi ya yi yana ɗauke mana aikin da kowannenmu yake gudu. Duk wanda ya taɓa zama kan kujerar tafsiri ya san tsofaffin littattafanmu cike suke da labaran annabawa da ake cewa daga Attaura ko Linjila aka samo su. Shi ne yake sayo littattafan Kiristoci, fassara iri-iri, ya bi kowane labari har shafin da aka ce yana nan, ya gani da idonsa. Tsarinsa kuwa bai taɓa canzawa ba: Alƙur'ani ne a sama, sai ingantaccen hadisi, sai fahimtar sahabbai da waɗanda suka biyo bayansu, sannan can ƙasa labarin Ma'abota Littafi. A gefen shafukan waɗannan littattafai yake rubuta hukuncinsa. Abin da Alƙur'ani ya gaskata ya ja masa koren layi, abin da ya ƙaryata ya ja masa ja, wanda kuwa ya yi shiru a kansa sai ya ɗiga masa fensir ya wuce, ba gaskatawa ba ƙaryatawa.

Jan biron nan bai ƙyale mu ba mu ma. Ni mai wannan rubutu na shekara goma ina ba da wani labari game da jirgin Annabi Nuhu, ina cika baki cewa daga Attaura yake. Malam ya yi kwana uku yana dubawa, sannan ya ja ni gefe, ya tambaye ni ko ni aka saukar wa wata Attaurar ta daban, don ya bi tasa kaf bai gani ba. Na ji kunya har na rasa inda zan sa kaina, amma daga ranar ban sake ɗora wa littafin wasu abin da ba ya ciki ba.

A nan ne dole mu faɗi laifinmu a bainar jama'a. Mu ne muka roƙe shi ya ɓoye wannan aiki, don muna tsoron bakin mutane. Mun yi ta amfani da bincikensa a wuraren tafsiri, ana yaba mana zurfin ilimi, ba mu taɓa ambaton sunansa ba. Ya cika mana alkawari har iyalinsa ba su sani ba. Da aka buɗe ɗakin karatunsa don tattara kaya, sai aka tarar da kwali shida na waɗannan littattafai a ƙarƙashin gado. Kafin a tashi zaman makokin ranar farko magana ta zaga layin gidansa, har wasu marasa tsoron Allah suna tambayar ko ya halatta da aka yi masa salla. Wallahi shirunmu ne ya jawo masa wannan, kuma mun shaida bai taɓa fifita wani littafi a kan Alƙur'ani ba.

Yanzu labari ya iso mana cewa babban ɗan marigayi, Injiniya, ya yanke shawarar ƙona kwalayen ranar Alhamis domin a rufe bakin masu surutu. Sau uku tawagarmu ta je ƙofar gidan, ba a ba mu damar ganinsa ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma Injiniya, ɗanmu, don girman Allah ka saurara. Ba mu da kwafin ko shafi ɗaya. Rubutun hannun mahaifinka da ke gefen shafukan nan shi ne kaɗai shaidar da za ta wanke shi, kuma idan wuta ta ci shi babu abin da zai rage sai maganar masu zargi. Hajiya, uwarmu, uwargidan marigayi, muna roƙonki ki sa baki. Mun rasa yadda za mu yi, shi ya sa muka kawo kukanmu cikin takardar ta'aziyya.

Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta wa Malam, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Hajiya da Injiniya da ƙannensa da jikoki juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya yafe mana abin da muka yi masa.

Ranar Alhamis tun da sassafe dattawan zaure goma sha huɗu, har da waɗanda sai an riƙe su suke tafiya, za mu zauna a ƙofar gidan. Ba za mu shiga ba sai an ce mu shigo. In kuwa har sai an kunna ashanar, to a kunna a gabanmu, don mu ne muka cancanci mu gani.

Sa hannu:
Alaramma Dogo
Magatakarda kuma Kakakin Zauren Masu Tafsiri da Nazarin Ruwayoyi