Ba a Tsallake Littafi

Karaye,
Janairu, 1991.

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Hamma Halliru, a unguwar Sabo, Ibadan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Khadijatu da yara. Allah ya ƙara maka juriyar zaman nesa, ya tsare ka a kan titi, ya bar ka da maigidanka likita lafiya. Mu a nan sai godiya. Inna ta warware daga ciwon gwiwar da ya kwantar da ita bayan kaka, har ta koma yi wa kowa faɗa a kan damun fura, kuma ka san in Inna ta fara faɗa, to lafiya ta samu. Dawar bana ta yi kyau a Rogo, gyaɗa ce dai ta ba mu kunya. Saniyarka da ke hannun mutanen Kurugu ta haihu, kuma maraƙin ya ɗauko taurin kan mai shi. Ni ma ina nan ina fama da alli da 'yan aji huɗu.

Hamma, maganar Zuwaira ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma na daɗe ina juya ta a raina, don akwai nauyi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka san tun da ta gama makarantar kimiyya take zaune a wurina nan Karaye, kuma ka san bara ta zauna jarrabawar shiga jami'a don karatun likita a Zariya, makinta ya gaza da kaɗan, kemistiri ya ja ta baya. Abin da ba ka sani ba shi ne hukuncin da babanta, babban yayanmu Malam Abdulsalami, ya yanke. Ya ce ta sake gwadawa bana, in ba ta samu ba, to Allah ya nuna ba hanyarta ba ce, sai ta bi sahuna ta koyar a firamare. Ba na raina sana'ata, ita ke ciyar da ni. Amma na san yarinyar nan, na san abin da Allah ya zuba mata a ka, kuma in ta ƙare a aji ɗaya da ni zuciyata ba za ta taɓa kwanciya ba. Jarrabawar kuwa bayan ƙaramar salla za a yi ta.

Littafin da ka aiko a motar Mijinyawa mai jigilar shanu ya iso lafiya, ko gefensa bai lanƙwashe ba. Ban taɓa ganin littafi mai girmansa ba. Yaron da ya ɗauko shi daga tasha sai da ya yi gammo. Mijinyawa ya ba mu labarin yadda ka yi ta zirga-zirga a kasuwar masu tsofaffin littattafai, kana cewa a ba ka na likitoci, mafi girma da cika, har ka nuna wa wani ɗalibin asibitinku ya tabbatar maka da shi suke karatu. Da Zuwaira ta ji haka ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta ce ba ta san Baffanta yana tunawa da ita har haka ba. Ni ma na yi hawaye, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya muka kai littafin Rogo don Malam ya sa albarka. Ni kuwa na riga na leƙa ciki na ga hotunan mutane an buɗe cikinsu, ga ƙashi, ga jijiya, ga abin da ba a faɗa. Na ce yau Malam zai kore mu da mu da littafin. Sai ya sa tabarau, ya yi ta buɗawa shafi bayan shafi, har ya zo kan hoton jariri a cikin mahaifa. Nan ya tsaya. Hamma, ban taɓa ganin Malam ya yi ƙwalla a gaban mata ba sai ranar. Ya ce shekara da shekaru yana fassara wa mutane yadda Allah ke halittar ɗan Adam mataki bayan mataki, yau ga shi ya gani da idonsa. Inna ce kawai ta ƙi kallo, ta ce a rufe bayin Allah da zane, ai ko gawa ana suturta ta.

Daga nan ne matsalar ta fara. Malam ya ɗauki littafinka kamar yadda yake ɗaukar littattafan zaurensa. Ya tara manyan ɗalibansa aka yi addu'ar buɗe littafi, ya kira Zuwaira gabansu ya ce mata littafi yana da haƙƙi, ba a tsallake shi, ba a haɗa shi da wani, daga bangon farko ake farawa har a sauke. Ya ce wanda ke tsalle daga wannan littafi zuwa wancan ba ya samun albarkar ko ɗaya. Ya sa ta yi masa alkawari ba za ta taɓa wani ba sai ta sauke wannan, ita kuwa ta yi. Ya tsinke zare daga rawaninsa ya sa mata a ciki don alama. Yanzu duk ranar kasuwar Karaye sai ya hau babur ya zo gidana, ba don ya gaishe ni ba, don ya ga inda zare ya kai. Ba ya karanta boko, amma yana auna kaurin abin da ta ci da yatsa, ya gyaɗa kai, ya sa mata albarka ya tafi.

Ita kuma ta duƙufa. Daga asuba har rana ta take tana kansa, da ƙamus a gefe. Yanzu ta san sunan kowane ƙaramin ƙashi na wuyan hannu da wani yare da ba Turanci ba. Ranar sunan gidan maƙwabtanmu da aka yanka rago, ta tsaya kan mahauci tana gaya masa sunan duk abin da ya ciro, har ya ce a janye masa ita kafin ya yanke yatsa. Mata sun fara kiranta Likita, wata har ta kawo mata ɗanta mai tari. Ni ma da farko ina ta washe baki, ina cewa wannan karon sai dai jarrabawa ta yi haƙuri.

Malam Nasidi ne ya farkar da ni, wato wanda ya koya mata kemistiri a sakandare. Na haɗu da shi a sakatariyar ƙaramar hukuma, na yi masa alfahari da littafinka, sai ya ce in kawo ya gani. Da muka kai masa ni da Zuwaira ya gani, sai ya tambaye ni tun yaushe take karanta shi. Ya ce littafi ne mai daraja, shi kansa bai taɓa mallakar irinsa ba, amma na waɗanda suka riga suka shiga ne, su ma sai sun yi shekara a ciki ake buɗe musu shi. Jarrabawar shiga ba ta tambayar aikin likita ko kaɗan. Abu huɗu take tambaya, Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, kuma duk daga karatun sakandare. Ya ce abin da take bukata shi ne manhajar da hukumar jarrabawa ke fitarwa, da littattafan da ta yi aji biyar da su, da tambayoyin shekarun baya da za ta riƙa amsawa tana duba agogo, don a zauren jarrabawa lokaci ne ke kayar da masu ƙoƙari. Ya ɗan gwada ta da lissafin kemistiri a tsaye, irin wanda bara take yi tana hira, sai ga shi tana lalube. Ya ce min in aka ci gaba a haka, makin bana ba zai kai na bara ba.

Kada ka ji wani abu a ranka, Hamma. Wa zai ce littafin likita ba shi ake karantawa don a zama likita ba? Ni da nake malamar makaranta ban gane ba, balle kai da kake ganin irinsa kullum a hannun masu farar riga. Ko ɗalibin da ka tambaya bai yi maka ƙarya ba, da shi suke karatu, ba ka dai tambaye shi da me ya shiga ba. Kyautarka ba ta ɓata ba, sauri ta yi, ta riga lokacinta zuwa.

Na je Rogo na faɗa wa Malam duk wannan, da ladabi iyakar iyawata, kuma ka san iyawata a nan ba ta da yawa. Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni ko ni da Nasidi mun fi Halliru sani, mutumin da ya fi shekara goma yana zaune da likitoci, yana jin hirarsu a bayan mota. Ya ce 'yan boko kullum gajeriyar hanya suke nema, shi ya sa iliminsu ba ya kwana. Na ce masa jarrabawa ba ta san albarkar zare ba. Wannan kalma ita ta ɓata komai, don daga nan ya ɗauki carbinsa, ya ce in gaida mutanen Karaye. Inna ta bi ni har zaure tana cewa bakina ne zai kashe ni. Amma kafin in fita Malam ya faɗi wata magana da na riƙe. Ya ce littafin ba nasa ba ne, amanar ɗan'uwansa ce, kuma mai abu ne kaɗai ke da ikon cewa a ajiye.

To ka ji inda aka tsaya, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Roƙona shi ne ka rubuto wa Malam takarda da hannunka, da ajami, don ya karanta da kansa ba sai an karanta masa ba. Ba sai ka ce an yi kuskure ba, kuma don Allah kada ka ambaci sunana. Ka tuna masa abin da ya fi kowa sani, cewa a zaurensa ba a fara wa ɗalibi da babban littafin fiƙihu sai ya sauke ƙananan, kuma wanda aka ɗora wa babba tun bai isa ba, wahala kawai zai sha. Ka ce masa karatun likita ma haka yake, yana da ƙananan littattafansa, kuma su ake tambaya a bakin ƙofa. Ka ce kai mai littafi ka ba da izini a naɗe shi a ajiye mata har ranar da za ta shiga Zariya, sannan a sake buɗe shi da addu'a. Wannan hujja ta zo min ne a motar dawowa, bayan na gama ɓarna. Ko da ta zo da wuri ma, daga bakina gyara ne ƙanwa ke yi wa malami, daga bakinka kuwa umarnin mai amana ne. Na san Malam, in ya ji ta haka, shi da kansa zai fi kowa tsananta mata a kan ƙananan, har ma ya tsinko wani zaren.

Ba sai ka sayi komai ba. Malam Nasidi ya ara mana littattafan duka, ya haɗo da tambayoyin shekarun baya da ya tara, ya kuma ce zai riƙa duba mata aikinta ranar Asabar. Yana da yaƙinin in ta fara kafin azumi za ta kai, domin tushenta mai kyau ne, tsatsa kawai ya yi. Littattafan suna nan kan teburina tun makon jiya. Zuwaira ta san su ne daidai, don ba yarinya ba ce, ta ji bayanin malaminta da kunnenta. Amma ta ce alkawari kaya ne, ba za ta karanta a ɓoye ba, ba za ta matsar da zare kan shafin da ba ta karanta ba. Shekaranjiya na dawo daga makaranta na same ta tsaye, ta ɗora tafin hannunta a kan na kemistiri, ba ta buɗe ba. Da ta gan ni ta janye hannun ta ce ƙura take sharewa. Na ji haushinta, na kuma ji ina alfahari da ita, har ban san wanne ya fi ba.

Kada ka biyo da amsar ta gidan waya. Mijinyawa zai sauke shanu ya juyo, ka ba shi a hannu ya kai Rogo da kansa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni dai zuciyata ta ba ni alheri. Yarinyar da ta iya haƙurin wancan dutsen littafi ba tare da malami ba, ƙananan ba za su gagare ta ba, in Allah ya yarda.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage cin barkonon mutanen can. Ka gaida Yaya Khadijatu da kyau, ka ce mata daddawarta na nan tafe a motar. Ka shafa min kan Lukumanu da Zinariya, ka ce wa Zinariya ina jiran takardarta ta farko. Maigidana Shitu yana gaishe ka, haka su Goggo Yelwa da mutanen Kurugu baki ɗaya.

Za ka ga babu gaisuwar Zuwaira a ciki, kada ka ɗauka rashin tarbiyya ne. Ba ta san na rubuto ba. Da na ce mata zan gaya maka, ta riƙe hannuna ta ce gara ta faɗi jarrabawa ta koyar a firamare har ta tsufa, da a ce Baffanta ya ji cewa wahalarsa ba ta yi amfani ba. Ita ta zaɓi ta rufa maka asiri da rayuwarta, ni kuwa na san yayana ba zai karɓi wannan kyautar ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai bakin da Inna ke tsoro,
Sauda.