Autarki da Gam Ɗin Kanti

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ina sanar da ke a hukumance cewa daga wannan makon na janye wa Autarki izinin shan shayi da kofina na ofis. Hukunci ya zauna, babu ɗaukaka ƙara. Mu nan lafiya lau. Uwargida ta koma aiki, babban yaronmu ya samu wurin koyon gyaran injin, ni kuma hawan jinina ya dawo, 'yarki ce ta rako shi har gida.

Kin san shekarun da na ƙarar a kan 'yan baƙaƙen duwatsun nan da muke toyawa daga jan ƙarfe da oksijin, waɗanda kike kira gawayin Mai Tabarau. Idan an sanyaya su sosai, lantarki na ratsa su ba tare da ko ɗigo ya salwanta ba, kuma har yau masana na musu kan dalili. A cikinsu kowace ƙwayar jan ƙarfe kamar 'yar allurar maganaɗisu ce, wannan ta kalli sama, maƙwabciyarta ta kalli ƙasa, kuma ba sa tsayawa cik, kullum cikin karkarwa suke. Ina cikin masu cewa karkarwar nan ce sirrin. Kafin a gan ta sai an kai duwatsun wata babbar cibiya an harbe su da wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira niyutiron, can kuwa layi ake bi mai tsawo. Bara da layinmu ya zo, wani tudu ya fito a zanen sakamakon, daidai inda na daɗe ina cewa zai fito. Yaya, don murna har turare na saya wa uwargida.

Na rubuta takardar binciken, na sa sunan Auta kusa da nawa tunda a hannuna take digirinta na uku. Sai ta shigo ofishina da Kawu-Kawun nan nata mai sanyi, ta ce in yi haƙuri in cire sunanta. Wai da wane gam na manna duwatsun a farantin alminiyam? Na ce da na kanti mana, na musamman ɗin ya ƙare a lokacin, tafiya kuma ta matso. Ta ce wai gam ɗin kanti cike yake da haidirojin, haidirojin kuwa warwatsa niyutiron yake yi, don haka tudun nawa wataƙila ba karkarwar maganaɗisu ba ce, gam ne. Gam! Ni da nake koyar da wannan darasi tun tana rarrafe a falonki tana tauna takardun jarrabawar ɗalibaina. Da bakin allura na ɗiga shi, ko ƙuda ba zai maƙale a ciki ba.

Duk bai ishe ta ba. Ta ɗiga gam ɗin a farantin da babu dutse ko ɗaya, ta aika wa ƙawarta da ke aiki a cibiyar ta auna mata, ba tare da izinina ba. Yanzu duk sashenmu na jami'a ya ji. Mutumin ofishin kusa da nawa, wanda tunda aka ɗauke shi aiki bai taɓa gano komai ba sai hanyar ɗakin cin abinci, ya tare ni a matakala yana tambaya ko ina da sauran gam, wai takalminsa ya ɓalle.

Takardar nan ita ce abin da zan nuna kafin ritaya. In ɗalibata, jinina, ta ƙi sa hannu, wa zai yarda da ita? Na gaya mata ko ta sa hannu ko ta nemi wani malamin. Ki kira ta, ki tuna mata abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Maganarki kaɗai take ji, kuma na san inda ta gado taurin kan, ni ma na sha shi a hannunki.

Ki gaida maigidan, da Dogo da amaryarsa, da 'yan biyu, da Gwaggo in ta zo. Uwargida na gaishe ki, ta ce in gaya miki ita ba ruwanta.

Ƙaninki mai ɓacin rai,
Mai Tabarau

Ban kai ga rufe ambulan ba Auta ta turo ƙofa, ta ajiye sakamakon farantin a teburina, ta fita. Tudun na nan a wurinsa, alhali babu dutse ko ɗaya a farantin, sai gam. Kada ki kira ta, Yaya. Ni ne na yi kuskure.