Fasinjojin da Ba Su Sauka Ba

Daren Laraba, Sokodé

Yau ma kwamfutar tasha ta sandare ana tsakiyar yankan tikitin motar Dapaong. Mutane na layi cikin rana suna tsaki, ni ina zufa.

Sai bayan la'asar na gano matsalar. A manhajar da na rubuta wa masu tashar, duk fasinjan da aka shigar, wani sashe nata da ake kira constructeur ne ke ƙirƙirarsa, ya ware masa wuri a ƙwaƙwalwar na'ura. Wani sashen kuma, destructeur, shi zai saki wurin idan fasinjan ya tafi. Wannan na bari fanko, wai zan dawo kansa. Tun safe fasinjoji ke taruwa a ciki har na'urar ta shaƙe.

Na yi wa Kawu Salisu bayani, shi da ya tsaya mini aka ba ni aikin. Ya ce, "Wato motarka ɗauka kawai take yi, ba ta saukewa."

"Kawu, rubutun layi biyu ne, yau zan gyara."

Bai dube ni ba. "Sun riga sun kira wani daga Lomé."

Na gyara ɗin. Ga manhajar nan tana sauke kowa lafiya lau, a ɗakina, inda babu mota ko ɗaya.