Saniyar Roba Mai Jinin Zoɓo

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar 'ya ga mahaifiyarta, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, yau labari na kawo miki.

Kin tuna da ƙyar kika bar ni na shiga karatun likitan dabbobi. Kullum faɗi kike: "Dabba ba ta da baki, amma tana da Allah." Wallahi maganar nan ta kusa kora ta daga makaranta. Ranar da aka miƙo mini allura aka ce in nemo jijiyar wuyan rago mai rai, sai na ajiye ta na fice. Na ce in dai sai na azabtar da bayin Allah zan koya, a kai kasuwa.

Inna, da ma kin ga malamarmu Dakta Ifeoma! Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ita ta kawo mana saniyar roba. Jijiyoyinta siraran tiyo ne, ta ɗura musu zoɓo. In kin soka daidai ja ya fito, in kin kuskure shiru. Cikin kuwa tiyub ne da wani mai faci a nan Fagge ya haɗa mata, a hura shi ya yi tim kamar mai kumburi. Na soki saniyar nan har 'yan ajinmu suka ce da tana harbi da tuni ina ɗingishi. Dakta ba ta taɓa gajiya da ni ba. Ina ƙaunar matar nan.

To, ran Juma'a jar akuyarki ta afka wa buhun wake. Ita kaɗai ta rage cikin dabbobinki. Cikinta ya kumbura, ta kwanta tana nishi, Baba ya ɗauko wuƙa kada ta yi mushe. Na roƙe shi ya dakata. Na lalubi kwiɓinta na hagu, na yi bisimilla, na soka allura kamar yadda nake wa saniyar roba. Sai iska, fuuu!

Kafin la'asar ta miƙe tana tuƙa. Baba ya mai da wuƙarsa kube, ya juya mini baya don kada in ga idonsa. Ni ban ɓoye nawa ba, Inna, kewarki ce ta kama ni.

Allah Ya saka wa Dakta da alheri, Ya haskaka makwancinki, Ya sada mu a Aljanna.

'Yarki,
Hauwa'u