Fuskar Baba a Cikin Lambobi

Hammadu Kafi, Gombe

Zuwa ga Yayata Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara. Yaya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya. Na kira ki har na gaji, waya ba ta shiga ƙauyen nan naku, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Yaya, ki samu wuri ki zauna tukuna. Baba ya fita tun ranar Juma'a, bai dawo ba. Kin san mantuwar nan tasa, to bayan tafiyarki ta yi tsanani. Mun duba asibitoci da masallatai da tasha, mun ba da cigiya a rediyo, shiru kamar an shuka dusa. Inna ta daina cin abinci, ruwa ma da kyar.

Ni abin da na iya kwamfuta ce, wadda kike cewa sai ta makantar da ni. Na roƙi 'yan acaɓa da masu keke su turo mini duk hoton da aka ɗauka a gari, na biki ko na kasuwa, ko Allah zai sa ya fito a bayan wani. Hotuna sun taru dubbai, ido ba zai iya ba. Akwai manhajar da ke mayar da fuskar mutum jerin lambobi. In kina son sanin ko fuska biyu sun yi kama, sai ki ninka lambar farko ta wannan da ta farkon wancan, ta biyu da ta biyu, har ƙarshe, sannan ki tara. Yawan jimlar, yawan kamannin. Dot furodak muke ce masa. Shirin lissafin da na rubuta a makaranta lamba uku kawai yake ɗauka, fuska kuwa ɗari biyar da goma sha biyu ce. Na sake rubuta shi, yanzu ko jeren ya kai daga nan zuwa Dukku zai bi shi, muddin tsawon biyun ɗaya ne.

Sai dai ba mu da hoton Baba ko ɗaya. Mutumin da ko katin zaɓe ya ƙi yi saboda hoto! Don Allah ki duba na bikinki, duk wanda ya fito a ciki ki ba direban nan.

Ƙaninki,
Bilyaminu

Yaya Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, kuma kin rage kukan da direba ya ce kin yi. Hoton ya iso, na gode.

Amma haba Yaya! Baba ya ɗaga hannun babbar riga ya rufe fuska, sai hula da kunne da rabin ido. Manhajar ta ce ba ta ga mutum ba. Na matsa mata dole, ta fitar da wasu lambobi, na haɗa su da hotunan gari. Kin san wanda ta ce ya fi kama da Baba? Mutum-mutumin da ake sa wa kaftani a shagon tela. Wallahi saura kaɗan na buga kwamfutar da bango. Lissafin daidai yake, na gwada shi da hannu. Abin da na ba shi ne ba komai ba ne.

Duk da haka na bi wani tsoho da ta nuna har unguwar Arawa, ba shi ba ne. Jiya kuma aka kira ni na duba wata gawa da ba a san danginta ba. Da aka buɗe na ga ba Baba ba ne sai na ji daɗi, daga baya kunya ta kama ni, don uban wani ne. An yi ruwa da safe, Baba kuwa da 'yar shara ya fita. Tsoro nake ji, Yaya, ban taɓa jin irinsa ba. Kada ki taso da cikin nan, addu'arki muke so.

Naki,
Bilyaminu

Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Alhamdu lillahi, an ga Baba, da ransa.

Shekaranjiya na shigo zaure, Inna ta zabura tana kiran Malam, ta ɗauka Baba ne. Nan take na ɗauki hoton fuskata na ba manhajar a madadin tasa. Jimlar ba ta yi yawa ba, ɗa ai ba uba ba ne, sai na riƙa duba waɗanda suka fi kusa ɗaya bayan ɗaya. Can na gan shi a bayan wata mata da ta ɗauki hoton 'yarta a ƙofar firamare a unguwar Nasarawo. Makarantar da na yi ce, Yaya.

Na same shi zaune a kan tabarmar maigadi, wani dattijo Bubayero, wanda ke raba abincinsa da shi. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Na durƙusa na riƙe hannunsa ina kuka. Ya amsa gaisuwata da mutunci, ya ba ni haƙuri, sannan ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Na ce mu je gida, ya ƙi. Wai ɗansa Bilyaminu yake jira a tashi, yaron yana kuka in bai ga kowa a ƙofa ba.

Na zauna kusa da shi har aka tashi, yana duba fuskar kowane yaro. Da suka watse na ce masa yaron ya riga mu gida, sannan ya yarda ya shiga keke. Inna ta ci abinci yau. Shi kuwa ya ce gobe da wuri zai koma, ya roƙe ni in ba ni da aiki in raka shi. Na ce masa to.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Bilyaminu