Motar Salahuddeen Ba Ta Son Zama

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

Autanmu Salahuddeen ya iso da hantsi a cikin wata doguwar mota ruwan toka, mai faffaɗan baya. Wurin aikinsu sun tura shi karatu waje na shekara guda, ya saki gidan hayarsa na Abuja, bai da inda zai bar ta. Rumfar motar maigidana Malam kuwa babu komai cikinta shekara uku ke nan, tun da aka sayar da tasa bayan rasuwarsa. Sai kaji.

Ya yi ta nuna mini kamar zan rubuta jarrabawa. Wai 'yar Jamus ce, gas take sha irin na tirela, ba fetur ba, amma ba ƙara ba hayaƙi. Wai daga Abuja har Ƙanƙara ko rabin tanki ba ta sha ba. Ya danna wani abu, kujerun baya suka kwanta da kansu. Ya ce, "Yaya, katifa ma za ta shiga nan. Ki hau abinki, kada ki bar ta zaune."

Na ce to. Irin maganar da ake yi ce don kara. Amana dai amana ce. Yadda ya ba ni haka zan miƙa masa in Allah ya yarda.

Litinin, 16 ga Yuni

Na kira Gide, ƙanen Malam, tunda shi ya yi shekara talatin yana jan mota tsakanin nan da Funtua. Ya zagaya ta sau biyu, hannu a baya. Ya ce, "Matar Yaya, wannan ai ba mota ba ce, ɗakin amarya ne." Ya ce dokar mota guda ce: kullum safe a tayar da ita ta yi ɗumi minti ashirin. Haka Malam ma yake yi wa tasa. Mun tsaya a kan haka. Na ɗinka mata rufi da tsofaffin zannuwan gado guda uku.

Alhamis, 3 ga Yuli

Gide ya zaga unguwa da ita don kada tayoyi su kwanta. Ina leƙe ta zaure. Da ya tsaya akuyoyi su wuce sai inji ya ɗauke, na ji salatinsa har nan. Yana ɗaga ƙafa daga birki ta tashi da kanta. Ashe haka aka yi ta, ba ta ƙona mai a tsaye. Ya dawo yana share gumi, wai motar da ta fi direba wayo ba a yarda da ita.

Lahadi, 27 ga Yuli

'Yata Hamida ta bugo daga Damari, garin da take aure. Cikinta wata bakwai ke nan, ƙafafunta sun kumbura, malamar asibiti ta hana ta hawan mashin da doguwar hanya. Ke nan ba za ta zo gida haihuwa ba, ga shi na fari ne.

Na ce zan turo mata Talatu matar Gide. Sai ta ce, "Inna, ke fa?"

Na ce bari mu ga abin da Allah zai yi. Ta san amsar. Tun ranar da 'yan bindiga suka tare hanyar Sheme suka harbi babanta ban sake wuce bakin gari ba. Ko jerenta ban je ba, a waya aka nuna mini ɗakin. Ba ta taɓa yi mini gori ba, shi ya fi ciwo.

Talata, 5 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Na ƙara leda kan rufin motar. Na daka kayan yaji na mai jego, ban san wa zai kai ba.

Laraba, 13 ga Agusta

Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Gide ya ce da ya taka ta ba ta da ƙarfi, kamar jakin da bai ci ba. Wata biyu ban bari ko yaro ya jingina da ita ba. Me na yi?

Juma'a, 15 ga Agusta

Bayan an sauko masallaci Gide ya zo da Malam Harisu, bakanike mai duba mota da na'ura. Bai buɗe inji ba ma. Ya jona wani abu kamar waya a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta, ya ɗago.

"Hajiya, wa ke hawan motar nan?"

Na ce babu kowa. Har da ɗan alfahari na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ya ce, "To ciwon ke nan."

Yadda ya yi mini bayani, na rubuta don kada in manta. A cikin salansarta akwai wata tukunya mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ita ke tare kunkunniyar gas, shi ya sa ba a ganin baƙin hayaƙi. In mota ta yi doguwar tafiya tukunyar takan yi zafi ƙwarai ta ƙone abin da ta tara, ta koma fes. In kuwa tayarwa kawai ake yi a rumfa, zafin bai isa ba, sai tarawa ba ƙonewa. Ɗumin da muke ba ta kullum safe shi ya shaƙe ta.

Gide ya ce shi shekara talatin haka yake yi. Harisu ya ce, "Baba, naku na da ai hayaƙin a fuskar mutane suke zubarwa." Gide ya ce yaran zamani ba kunya. Amma ya cire hula ya sosa kai.

Magani: a hau kwalta, gudu daidai, kamar minti arba'in. In an ƙara jinkiri sai an kwance tukunyar, wasu ma rodi suke sa wa su farfashe cikin su huta. Na ce a'a. Ba zan mayar wa yaro abinsa da rami a ciki ba.

Ya ce hanyar Sheme zuwa Mairuwa ita ta fi dacewa. Na shiga ɗaki.

Asabar, 16 ga Agusta

Gide ya ce zai je shi kaɗai. In wani abu ya same shi saboda amanar da ni na karɓa, da wane ido zan dubi Talatu?

Lahadi, 17 ga Agusta

Na gaya wa Salahuddeen komai a waya, ban rage ba. Ya yi dariya har da tari. "Yaya, ba na ce ki hau ba? Kin zaci wasa nake?"

Bayan mun ajiye na daɗe zaune. Wato mai abu ya faɗi yadda yake so a riƙe masa, ni kuma na riƙe yadda ni nake so, na kira shi amana. A makarantar allo Malaminmu yakan ce wanda aka ba ajiyar hatsi ya bar ƙwari suka cinye don tsoron buɗe rumbu, bai tsare komai ba. Na san wannan tun ina yarinya. Ban zaci da ni ake ba.

Na aika wa Gide: jibi, ƙarfe tara, lokacin da hanya ke da jama'a. Da ni da Talatu.

Talata, 19 ga Agusta

Alhamdu lillahi.

Na yi alwala, na yi addu'ar hawa, na zauna baya. Talatu ta ɓoyo dafaffiyar gyaɗa a mayafi, na ce wallahi ba a cikin motar mutane ba. Ta ce, "Yaya, ko numfashi ma in kin ce a riƙe sai mu riƙe."

Motar ba a jin tafiyarta. Ramin da na san yana jijjiga haƙora sai ta bi ta kansa kamar an taka tabarma. Giyarta tara, ita ke canza wa kanta, Gide yana ta kai hannu wurin da babu komai. Masara ta yi goyo, dawa ta fi mutum. Na manta damina haka take a bayan gari. Mata na tafe da itace a ka, wani na wanke mashin a kududdufi. Ashe mutane na nan suna rayuwarsu.

Da muka kusa wurin da aka harbi Malam, Gide ya kashe rediyo. Kwalbatin nan, da tsamiyar. Na sha ganin su a mafarki sun fi haka girma. Ba halin tsayawa saboda motar, kuma na gode wa Allah da hakan. Na karanta wa Malam abin da ya sawwaƙa. Talatu ta riƙe mini hannu.

Bayan Sheme sai muka ji wani ɗan ƙauri. Harisu ya riga ya ce za a ji, kunkunniyar ce ke ci. Dab da Mairuwa Gide ya buga sitiyari: "Matar Yaya, duba! Fitilar ta ɗauke!" Ya taka, ta zabura har Talatu ta yi salati.

Talatu ta ce tunda an zo nan a ƙarasa Damari mana. Na ce ba yau ba. A komowa na bar ta ta ci gyaɗarta, ɓawon a leda.

Allurar mai kamar ba ta motsa ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Harisu ya ce a riƙa yi mata irin wannan duk mako biyu, a daina ɗumin safe. Gide ya ce an raba shi da aikinsa.

Asabar, 6 ga Satumba, Damari

Ga ni.

Ban gaya wa Hamida ba don kada in fasa in ba ta kunya. Muka bi ta Funtua da Dandume. Inda kwalta ta ƙare ruwa ya ci hanya, Gide ya danna abin da Salahuddeen ya nuna masa a waya, motar ta ɗaga kanta sama a hankali kamar raƙumi zai tashi. Muka wuce ba ta taɓa ƙasa ba.

Hamida na zaune a tabarma tana tsince wake. Ta dube ni, ta dubi Talatu, ta sake dubana. Ta ce, "Inna, da ƙafarki?" Na ce da motar kawunki dai. Sai kuka. Na ce ta bari, ba kyau ga mai ciki, alhali ni ma.

Ɗakin ya fi yadda na gani a waya ƙanƙanta. Labulen da na zaɓa ya koɗe.

Na ce Gide ya koma da motar, ya dawo bayan suna. Ya ce, "Ni kaɗai? Ba mai gadi?" Na ce ya tafi kafin in canza.

Alhamis, 11 ga Satumba

Mace. Bayan azahar, a asibitin garin. An sha wuya, an yi ɗinki, amma duk suna lafiya. Ni na fara karɓarta. Allah abin godiya.

Alhamis, 18 ga Satumba

Fatima Zahra'u. Surukan sun yarda in tafi da su gida wanka gobe. Kwana bakwai ina dafa ruwa da ganyen darbejiya, bayana kamar zai ɓalle, ban taɓa jin daɗin gajiya haka ba.

Asabar, 20 ga Satumba, Ƙanƙara

Jiya muka dawo. An kwantar da kujeru biyu, aka shimfiɗa katifa, Hamida ta miƙe abinta saboda ɗinkin. Ni ina kujerar gefe da jaririya. Kayan barka, turmi, buhun masara sabuwa, har da kaza biyu a kwando, duk sun shige. Kaza a motar Salahuddeen! Na ɗauki hoto na tura masa da kaina.

Daga Sheme yarinyar nan ta fara tsala kuka. Na jijjiga, na yi mata tawai, Hamida na cewa a miƙo ta, Gide na cewa muryar kakarta ce sak, ni ina ce masa ya dubi hanya. Sai ganin gidajen bakin gari na yi.

Mun wuce wurin ban sani ba.

Na yi wa Malam addu'arsa bayan la'asar, na ƙara a kan yadda na saba. Ban san ko laifi ne ba. Ban ji kamar laifi ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Mako biyu sun cika, motar na bukatar hanya. Na ce wa Gide Litinin mu nufi Faskari, tunda ko ina aka bi kwalta ce. Yaya Hajaratu na can, rabona da ita tun zaman makoki, an ce idonta ya yi rauni. Na soya mata ɗan nama.

Gide ya ce, "Don motar ne ko?"

Na ce don motar ne. Ƙarfe tara, kada ya makara.