Man Kwal da Gonar Kawu

Dutse, daren Talata, farkon damina.

Na yi kuskuren fassara wa Kawu Ilu na Aujara jaridar da Di'o, Baturen mulki, ya bari a ofis. Wai a Jamus ana niƙa kwal mai laushi, a dama shi da mai da garin ƙarfe, a matsa masa iskar haidirojin cikin zafi, sai ya zama fetur.

Kawu ya ce, "To, Malam Habu, wa zai sayi gyaɗarmu?"

Na ce ai wancan man na mota ne, ba na ci ba kamar man gyaɗa.

"Ka tabbata?"

Na tsaya nazari, kamar kullum. Kafin in buɗe baki ya ɗauki sandarsa, ya ce bana gero zai shuka har a gonar gyaɗar.

Alhali na san amsar tun farko.